Kafin matasa su zuba kuɗi a kiwon dodon koɗi

A 'yan shekarun nan tallan kiwon dodon koɗi ya cika shafukan sada zumunta. Ana gaya wa matasa cewa da ɗan akwati a bayan ɗaki za su yi arziki, tunda otel-otel na Legas da Abuja suna sayen namansa da tsada. Kasuwar kam akwai ta. Abin da masu tallan ba sa tsayawa a kai shi ne ƙwai, alhali a nan jarin mutane da dama ke nutsewa.

Babban dodon koɗin dazuzzukan kudancin Najeriya ba ya yin ƙwai da yawa. Yakan zuba kamar 6 zuwa 12 a lokaci guda, ya binne su a ƙasa, sai bayan kusan mako huɗu su ƙyanƙyashe. Na Ghana yana iya zuba ɗaruruwa, amma ƙanana. Ke nan wanda ya rasa zubi ɗaya na irin Najeriya ya yi asarar wata guda cur.

Ƙwan yana son ƙasa mai laushi wadda iska ke ratsawa, mai danshi amma ba caɓi ba, da ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30. Laka takan danƙare ta hana jariran fitowa, yashi kuma ba ya riƙe ruwa. In ruwa ya kwanta ƙwan ya ruɓe, in ƙasa ta bushe ya mutu a cikin ɓawonsa. Ga tururuwa da kwarkwasa da ɓeraye, kowanne na jiran rabonsa.

Wannan yanayi kyauta ne a dajin Ondo ko Kuros Riba. A Kano ko Sakkwato kuwa, inda zafin bazara kan kai digiri 40, hunturu kuma ya busar da komai, sai an saye shi da kuɗi: inuwa, yayyafa ruwa safe da yamma, da ɗakin da ba ya ɗaukar zafi. Dabbar ma kanta da ta ji fari sai ta toshe bakin koɗinta ta kwanta, ba ci ba ƙwai.

Ba a ce kiwon ba zai yiwu a Arewa ba. Amma ya kamata malaman gona da masu shirya bita su riƙa faɗin wannan lissafi tun kafin a karɓi kuɗin rajista. Mai sha'awa kuma ya fara da 'yan kaɗan da damina, ya ga ko zubin farko zai ƙyanƙyashe kafin ya sayar da akuyarsa.