Malam, Ba Kayan Sallar Yara Ne Suka Cinye Kuɗin Taki Ba

Na karanta rubutunka, Malam, inda ka ce manoman rani na Kura da Bunkure suna ɓarnar kuɗin taki wajen ɗinka wa yara kayan Sallah, wai suna kwaikwayon 'yan birni masu yanka kek ranar haihuwa. Da gani ba ka taɓa wuni a Kwanar Gafan ba lokacin da tumatir ya yi kwantai, manomi na roƙon dillali ya ɗauki kwando ko nawa ne. A nan kuɗin taki ke nutsewa. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta share gonakin Kadawa, shaddar wane yaro ta jawo?

Yaron da kake ƙyashin yadinsa, shi ke fita tun asuba korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ƙafarsa cikin laka, a bakin magudanar da ke kawo ruwa daga Tiga. Kaya ɗaya ake masa a shekara. Da su zai je Idi, da su Juma'a, da su bikin yayarsa, in sun matse shi a miƙa wa ƙane. Kuma Kura, garin marina da turkudi, kake so ka koya wa darajar tufafi?

Na yarda, akwai gidajen da gasar kishiyoyi ke kai maigida cin bashin leshi. Waɗannan ka yi musu faɗa, zan taya ka. Sauran kuwa, fara gaya mana nawa buhun yuriya ya kai bana.