Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Duk wanda ya san Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa da Hayin Banki ya san yadda samari ke da kiwon tantabaru, zomaye, kaji da ragon layya. Haka kuma ya san ɓarnar da muzuru da karnukan da ba su da masu su ke yi cikin dare, ta yadda matashi zai wayi gari ya tarar da fuka-fukai kawai a akurki. Lallai abin da ciwo. To amma maganar da ake ji a bakin wasu 'yan uwa, wai a nemo bindiga a yi maganin abin, magana ce mai haɗari.

Wasu suna kafa hujja da Amurka, inda makiyaya ke harbe koyoti, wato ɗan uwan dila. Sun manta cewa ko a can, garuruwa da yawa sun hana harbi a cikin gari. Ina kuma ga unguwannin Kaduna da katanga ke jingine da katanga, yara na kwana a tsakar gida lokacin zafi? Harsashi bai san kare ba, bai san ɗan maƙwabci ba.

Sannan ga doka. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin su mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Hatta bindigar toka ta mafarauta sai da yardar Kwamishinan 'yan sandan jiha. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin. Dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ta tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Shin akwai tantabarar da ta kai shekara goma na ƙuruciyar mutum? Wa zai ɗauki nauyin iyayensa, wa zai ƙarasa masa karatunsa?

Dabba amana ce, kuma tsare amana daga shiri yake farawa. A ɗaga akurki daga ƙasa, a zagaye shi da ragar waya, a kulle kafin magariba. A daina zubar da ƙashi da sauran abinci a bakin lungu, domin shi ke jawo karnuka. Idan sun yi yawa, a kai kuka wurin mai unguwa da ma'aikatan dabbobi. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti, don ciwon haukan kare ba ya jin magani idan alamunsa suka bayyana.

Jarumta ba a kunamar bindiga take ba, tana wajen kame zuciya lokacin fushi. Allah Ya tsare matasa daga aikin da-na-sani, amin.