Ba Sai Ƙarfe Ya Narke Gini Yake Faɗuwa Ba

Duk lokacin da gobara ta ci kasuwa, bayan jaje sai ka ji ana cewa, "Alhamdu lillahi, kaya ne suka ƙone, ginin yana nan." A kankare baƙin hayaƙi, a yi filasta, a shafa fenti, kowa ya koma shagonsa. Ni wannan magana tsoro take ba ni.

Mun ɗauka sai ƙarfe ya narke yake lalacewa. Ƙarfen gini yana narkewa ne a wajen digiri 1,500 na ma'aunin Salshiyas, amma tun a digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma wutar shagon da ke maƙare da atamfa da katifa takan wuce nan. Maƙeri ya fi kowa sani: da ƙarfe ya yi ja a wuta yake lanƙwasa shi yadda ya ga dama, ba ya jiran ya zama ruwa.

Dubi tagwayen benayen New York ranar 11 ga Satumba, 2001. Jiragen da suka doke su sun ɓare abin da aka lulluɓe ƙarafan da shi don kare su daga zafi. Wuta ta yi ta cin kayan ofis, ƙarafan da ke ɗauke da hawa-hawan ginin suka saki, suka jawo ginshiƙai ciki. Na kudu ya rufta bayan minti 56, na arewa bayan minti 102. Zafi kuma miƙar da ƙarfe yake yi: mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kusan santimita 7 a digiri 600, ya ture abin da ke riƙe da shi.

Rodin da ke cikin dakin ɗin kasuwanninmu ba shi da wani lagon da ya fi na can. Wanda aka ƙara wa tauri da ruwan sanyi a masana'anta, in ya sha irin wannan zafin, ko ya huce ba ya komawa yadda yake, kuma ido ba ya gane haka.

Na san ɗan kasuwar da ya yi asara ba abin da yake so kamar ya buɗe shago gobe. Amma ina kira ga hukumomin kasuwanni da na tsara birane: kada a bar kowa ya koma benen da ya sha wuta sai injiniya ya yanki rodinsa an gwada shi a na'ura. Wanda aka tono daga ginin da ya ƙone kuma a kai shi narkarwa, a hana miƙe shi ana sayar wa masu sabon gini.