Lafiya Uwar Jiki: Ba Kowace Sandarewar Wuya Ce Sanƙarau Ba

A ƙasar Tasawa da Mayahi, duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1995 da 1996 ba ya bukatar a gaya masa ma'anar sandarewar wuya. Da zarar mutum ya dafe kai yana amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, sai a ce sanƙarau ne. Sau da yawa kuwa shi ɗin ne. Amma akwai wata cuta mai zuwa da irin wannan kama, wadda allurar sanƙarau ba ta yi mata komi.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin jini biyu, dama da hagu, masu shayar da sashenta na baya, inda gani yake. Wani lokaci bangon ɗayarsu yakan yi rauni ya kumbura, kamar yadda robar cikin tayar keke ke tasowa a wurin da ta sile. Likitoci na kiran wannan kumburi anebirisim. Cikin irinsa ɗari da ake samu a ka, ɗaya ko biyu ne kawai ke fitowa a wannan jijiya, sai dai yakan yi girma, kuma bai bar matasa ba.

Kafin ya fashe yakan yi sallama, in da mai amsawa. Jijiyar da ke motsa ido tana ratsawa dab da shi. Idan ya danne ta, sai fatar ido ɗaya ta faɗo, idon ya karkace waje, mutum ya riƙa ganin abu biyu. Wani kuma rabin ganinsa ne ke ɗaukewa a duka idanun: amalanke ta taho ta hagunsa bai gan ta ba, ya yi ta karo da ƙyaure. A ƙauye akan ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure.

Ranar fashewa, ciwon kai na saukowa cikin ƙiftawar ido, kamar an sari ƙeya da gatari. Nan ne bambancin yake. Sanƙarau yakan taso da zazzaɓi, yana ƙaruwa cikin awoyi. Wannan kuwa mutum na tsakiyar noma ko alwala zai faɗi, jikinsa ba zafi. Idan aka ɗebi ruwan gadon baya, na mai sanƙarau gurɓatacce ne, na wannan kuwa da jini. Hoton sikana ne ke raba gardama.

Magani iri biyu ne. Ko dai a buɗe ƙoƙon kai a maƙale wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937, ko a zura siririn bututu daga jijiyar cinya har ƙwaƙwalwa a cike shi da zaren filatin, dabarar Guido Guglielmi ta farkon shekarun 1990. Da yake wannan jijiya tana da zurfi, hanya ta biyu ta fi karɓuwa. Wani sa'in ma akan toshe jijiyar ɗungurungum, ƙananan jijiyoyin maƙwabta su ɗauki nauyin, ko da yake wasu kan rasa rabin gani.

Ba ɗaya daga cikin ayyukan nan da ya ke na asibitin gunduma. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da 600, alhali haɗarin sake fashewa ya fi tsanani a kwanan farko. Daga kwana na 4 zuwa na 14 kuma jijiyoyin kan tsuke, dalilin da ya sa ake ba da nimodifin har kwana 21. Saboda haka kada ƴan uwa su ba majinyaci asfirin, don yana ƙara zubar jini. Su kwantar da shi, su nemi mota, kuma da isarsu su gaya wa malamin asibiti cewa ciwon farat ɗaya ya sauko, da sa'ar da ya fara.