BA KOWACE KASALA CE SANYI BA



Yau kan wata cuta ce da ba a cika gani ba, likitoci suna kiranta damatomayosaitis. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa tsokarsa da fatarsa, ta haddasa musu kumburi. Ta fi kama mata, kusan ninki biyu na maza. An fi ganinta a yara daga shekara 5 zuwa 15, sai kuma manya daga 40 zuwa 60.

Dalilin kawo ta shi ne, a nan wurinmu duk wanda jikinsa ya mutu sai a ce sanyi ne, ko shawara, in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce sammu ne. Wannan cutar kuwa tana da kamanninta. Ba ɓari ɗaya take kamawa kamar shanyewar ɓarin jiki ba, duka biyun take ci, kuma tsokar cinya da ƙugu da kafaɗa da wuya take fara rauna. Mutum zai yi sujada ya kasa miƙewa sai ya dafa bango. Mace ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, tuƙin tuwo ya gagare ta, hawa bene ya zama aiki. Sau da yawa rashin ƙarfin ya fi zafin ciwo yawa, kuma a hankali yake zuwa, cikin makonni ko watanni.

Sai fata. Fatar ido takan kumbura ta canza launi, ƙuraje masu kauri su fito a bayan gaɓoɓin yatsu, wuya da ƙirji da kafaɗa su yi dabbare-dabbare, rana kuma ta ƙara tsananta su. Littattafan likitanci suna cewa launin ja ne ko shunayya, to a farar fata ke nan. A fatarmu duhu kawai yake ƙarawa, shi ya sa ake wuce shi. Mai shafa man bilicin kuma ta ƙara ɓatar da sawu, don da yawan mayukan nan akwai sinadarin da ke danne ƙurajen a ido alhali cutar na ci a ciki.

Ra'ayina a nan, kuma na san wasu masu sayar da magani ba za su ji daɗi ba: wannan ba cutar da za a zauna a gida da zuma da habbatus sauda da man zaitun ba ce. Ku yi addu'a, ku yi ruƙya, babu mai hana ku, amma da ƙafa ɗaya a asibiti. Domin cutar tana iya kai wa tsokar haɗiya, mutum ya riƙa ƙwarewa, abinci ya bi hanyar iska. Tana iya taɓa huhu, a fara busasshen tari da haki. Abin da ya fi tayar da hankali, a manya wani lokaci takan zo tare da ciwon daji da bai bayyana ba, kamar na ƙwan mace ko na huhu ko hanji, musamman a shekarun farko. Wace kwalbar haɗi ce za ta gano miki wannan, Hajiya?

Gwajin farko na jini ne, ana ce masa CK, yana nuna ko tsoka na lalacewa. Daga nan likita zai iya neman gwajin lantarkin tsoka, hoton MRI, ko a ɗan yanki tsoka ko fata a duba. Ku nemi a tura ku asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, wurin likitocin gaɓoɓi da garkuwar jiki.

Magani akwai, alhamdu lillah, duk da ba a cewa an warke kwatakwata, danne ta ake yi. Ana farawa da prednisolone mai yawa, a riƙa ragewa sannu a hankali, a haɗa da methotrexate ko azathioprine. Wanda bai ji waɗannan ba akwai ƙarin ruwa na IVIG, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cutar a 2021, sai dai tsada. Ga gashin ƙashi da motsa jiki, ga kare fata daga rana.

Don Allah a kula da nan. Prednisolone ɗan uwan dexamethasone ne, wanda 'yan mata ke saya a kemis don ƙiba. Kada wanda ya karanta wannan ya je ya sayo da kansa. Yana ɗaga suga da hawan jini, yana cin ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya yanke rana ɗaya zai iya faɗuwa rai a hannun Allah. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne, azumi ma haka, a je likita ya gyara lokacin sha. Methotrexate kuma sau ɗaya ake sha a MAKO, ba kullum ba, kuma mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin a rubuta mata.

A tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ke da mai irin wannan kasalar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.