Babur Ya Gaji Aikin Jaki a Gezawa, Amma Bai Gaji Kulawarsa Ba

Wanda ya tsaya da sassafe a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Gezawa zai ƙirga babura har ya gaji. Wannan ya ɗauro buhu biyu na gero, wancan kwandunan tumatir zai kai Yankaba, na bayansa akuya ce a ɗaure da ɗan yaro riƙe da ita. Daga Jogana, Tsamiya Babba, Wangara, Ketawa da Babawa, hanyoyin burji da na rairayi duk a kan kwalta suke zubo da kayansu, kuma kusan duka a bayan babur. Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai taki gona.

Wannan aiki da na jaki ne. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace da amfanin gona, su komo da taki a mangala. Da haka ƙasar wannan yanki ta daɗe ana noma ta kowace damina ba hutu. Dattawan Gezawa sun san abin da ake yi wa jakin nan in ya dawo: a sauke akumari, a duba bayansa ko ya goge, a ba shi ruwa, a zuba masa harawa da dusa. Ba wanda ke jira sai jaki ya faɗi kafin ya kula da shi, domin kowa ya san faɗuwarsa faɗuwar gida ce.

Babur ya karɓi kayan, bai samu wannan gatan ba. Abin da ke cin kuɗin manoma da 'yan acaɓa ke nan a ɓoye, kuma ya kamata a faɗe shi a fili.

A Amurka, masu manyan baburan nan na ƙasaita irin Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a Milwaukee a 1903, suna hawa ne yawanci don nishaɗi, amma suna bin littafin da ya zo da babur shafi-shafi: tafiya kaza a yi juye, tafiya kaza a duba birki. A nan kuwa baburan ƙanana ne, injinsu bai wuce 100 zuwa 150cc ba: Jincheng na ƙasar Sin da ya yi tashe a da, Boxer na kamfanin Bajaj da TVS daga Indiya, Haojue, da roba-roba na mata da malaman makaranta. Aikin da suke yi ya fi na wancan nesa ba kusa ba. Littafinsu kuwa tun ranar da aka kwance kwali yake ɓata. Tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, keken A Daidaita Sahu ya mamaye titunan Kano, aka bar wa karkara babur. Inda ya fi shan ƙura da lodi, nan ya zauna.

A je gindin darbejiya wurin mai gyara a ga yadda abin yake. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ga yankakkiyar jarka da yaran shago ke wanke ƙarafa a ciki da fetur, ga sifanu a baje kan buhu. Mai babur ya turo shi da ƙafa, gumi na zuba. Bakanike ya kwance noti na ƙasan inji, ya tara gwangwani. Abin da ya fito bai kai rabin abin da ya kamata ba, ga shi tsululu kamar ruwan kwata. Ya dangwala, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya miƙa wa mai shi ya ji ɓurɓushin ƙarfe da kansa.

“Yaushe rabonka da juye?”

“Wallahi maigida, ciko nake yi. Ka dai lallaɓa min shi in kai kayan nan kasuwa, in na dawo a yi mai gaba ɗaya.”

Wannan “lallaɓa min” ita ce ta kashe injina da yawa a ƙasar Gezawa. Injin waɗannan babura ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi, sai kuma baƙin man da ke ciki, wanda bai wuce kimanin lita ɗaya ba. A irin su Boxer, litar nan guda ita ke shafe fistin, ita ke jiƙa kuloci, ita ke kare haƙoran giya. A watan Afrilu, da rana ta take, ga buhu uku a baya, ga giya ta ɗaya cikin rairayi, man yana dahuwa ne. In ya tsufa sai ya rasa kauri, ya koma yana yawo da dattin da ya kwaso. Ciko ba ya fitar da dattin nan, sabon mai kawai yake ɓatawa. Daga nan sai hayaƙi ta salansa, sai ringi, sai fistin, wata rana kuma inji ya buga a tsakiyar daji. Kuɗin juye sau da yawa ba su kai na buɗe inji sau ɗaya ba, balle a haɗa da kwanakin da babur zai yi a jingine.

Har irin man ma abin dubawa ne. Wanda ake aunawa a kwalba daga durom ba wanda ya san asalinsa, wani ma tsohon mai ne aka tace. Wasu mayukan mota kuma suna sa kulocin babur ya riƙa sulɓewa, shi ya sa ake buga alamar JASO MA a jikin galan ɗin da aka yi domin babur. Mai saye ya nemi wannan alamar, ya kuma tsaya a ɓalle murfin a gabansa.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika iska da gari mai laushi, soson da ke tace iska kafin ta shiga kafireta yana toshewa cikin 'yan kwanaki. Babur ya fara shaƙewa yana zuƙar fetur, sai wani ya ba da shawarar a cire soson gaba ɗaya wai don ya numfasa. Zai yi gudu na sati biyu, gaskiya ne, amma yashi ne ake ɗura wa inji kai-tsaye, yana goge cikinsa kamar sanfefa. Alhali wanke soson, a shanya, a ɗan shafa masa mai a mayar, aikin minti goma ne da yaron gida ma zai iya. Haka sarƙa: a wanke da kananzir, a sa mata mai, a bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu. In ta yi tauri ta cinye haƙoran sufuroket, in ta saki ta zame a kan gudu, kuma zamewar sarƙa da goyo a baya ba ƙaramin hatsari ba ne.

Adalci ne a ce ba ganganci kaɗai ba ne. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka janye tallafi ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Naira ta faɗi, kayan gyara kuma daga Sin da Indiya ake shigo da su, ko sun biyo ta Legas ko ta Nnewi kafin su iso Sabon Gari. Ɗan acaɓan da zai kai wa mai babur balas da yamma, ya sayi mai, ya kai cefane gida, ba abin mamaki ba ne in ya ɗage juye zuwa wani satin. Amma tsadar nan ita ce babbar hujjar a kula, domin wanda injinsa ya mutu yau ba lallai ya iya sayen wani ba.

Tsadar ce kuma ta buɗe wa jabu ƙofa. Fulogi iri ɗaya a ido, kwali iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara ɗaya ya yi sati uku. Takalmin birki na jabu ya fi kowanne muni, tunda ba ya nuna halinsa sai ranar da tirela ta tsaya a gaba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ce ke da alhakin kama irin waɗannan kaya, kuma aikinta bai kamata ya tsaya a tashar jiragen ruwa da manyan rumbuna ba. Shagon ƙauye shi ne inda jabu ke ƙarewa.

Masu gyara su ma da nasu kason. Akwai gwanaye da ke gane ciwon inji da kunne tun babur bai tsaya ba, mutanen da suka shekara biyar ko fiye suna miƙa wa maigidansu sifana kafin a yaye su. Akwai kuma wanda ya yi wata shida ya buɗe nasa wuri, guduma ce maganin komai a wurinsa, yana ɗaure noti har ya tsinke zare, yana saita bawul da ka. Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Ba wanda ya nuna masa ma'aunin, ba kuma wanda ya tambaye shi shaida.

Nan ne hukuma ke da abin yi, kuma ba mai tsada ba. Duk kakar siyasa ana jera sababbin babura a fili a raba wa matasa, a ɗauki hoto a watse. Da za a ware kuɗin babura goma daga cikin ɗari, da sun isa a tara makanikan mazaɓu goma sha ɗaya na Gezawa a yi musu bita ta sati biyu da taimakon hukumomin koyar da sana'a irin su ITF ko NDE, a sallami kowa da akwatin kayan aiki na ƙwarai. Kamfanonin da ke cinikin babura a Kano su buga littafin kula da babur da Hausa, boko da ajami, shafi huɗu ya isa, da hotuna. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa kuma, da suke karɓar kuɗin tikiti kullum, su sayo mai da takalmin birki a sari daga dila na gaskiya, su sayar wa 'ya'yansu a tasha.

Mai babur kuwa, tunda agogon tafiyar yawancinsu ya daɗe da mutuwa, ya ɗaura lissafinsa a kan abin da ba ya mantawa. Mai aikin haya kullum ya yi juye duk Juma'a biyu, manomi duk ganin wata, a rubuta ranar da alli a bangon zaure. Kafin a fara yankan gero kuma, lokacin da lodi zai ninka, a kai shi gindin darbejiya da ƙafarsa a duba birki, taya da sifokin baya.