Ƙodar Wa Za a Dasa?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda daga Kauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san wahalar wankin ƙoda: a kama hanyar Gusau ko Sakkwato sau biyu ko uku a mako, cikin fargabar 'yan bindiga, har gona da shanu su ƙare. Daga nan sai likita ya kawo maganar dashe. Aikin ba baƙo ba ne a Arewa, domin tun 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake yin sa. Tambayar da ta rage ita ce, ƙodar wa za a dasa?

A 1988 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda, ta halatta kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa, ta haramta sayar da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin. Sai dai ciniki ya iya shigar burtu. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara tara da wata takwas, saboda an kai wani matashi mai talla daga Legas don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yar sanatan, aka ce ɗan'uwanta ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A wurinmu kowa ɗan'uwa ne, har yaron gida da almajiri. Saurayin da aka raba da ƙauyensu, ko wanda bashin kuɗin fansa ya yi wa katutu, idan mai hali ya ce masa "taimake ni", da wane baki zai ce a'a? Ko a cikin gida ɗaya, ƙanen da yayansa ke ciyarwa ko matar da ke tsoron saki za su iya sa hannu alhali zuciya ba ta so.

Don haka kada asibiti ya tsaya ga takarda. A keɓe mai bayarwa da wani kwamiti da ba ruwansa da majinyacin, a bayyana masa haɗarin da Hausa, a ba shi damar janyewa ba tare da an tona dalilinsa ba. Bayan tiyata kuma gwamnati ta ɗauki nauyin duba lafiyarsa, domin ƙoda ɗaya ce ta rage masa.